Shekara 40 a cikin ambulan: kwandalar Walton da lokacin kai tsohon kuɗi wajen masu tantancewa

Ranar 9 ga Maris, 1962, George Walton ya loda kayansa a mota ya kama hanyar garin Wilson a jihar Carolina ta Arewa, inda masu tara tsofaffin kuɗi suka shirya baje koli. Bai isa ba. Ya gamu da haɗari a hanya, rai ya yi halinsa. A wajen haɗarin aka tattara sulallan da darajarsu ta kai kimanin dalar Amurka 250,000, kuma a cikinsu akwai wata 'yar kwandala ta senti biyar mai ɗauke da shekarar 1913, tana nan lafiya cikin mazubin da ya sa aka yi mata.

Magada suka kai tarin New York domin gwanjo. A 1963 aka sayar da kayan, kuɗi suka shigo masu kauri, amma ita wannan kwandalar aka dawo musu da ita. Masanan da suka duba sun ce jabu ce, wai wani ne ya sassaƙe lambar shekarar. 'Yar'uwar mamacin, wadda ke zaune a jihar Virginia, ta karɓa ta saka ta a ambulan, ta rubuta a jiki cewa ba ta gaske ba ce, ta jefa cikin akwatin tarkacen gida. Ta rasu a 1992 tana kan wannan imani. Bayan shekara 21 da rasuwarta, 'ya'yanta huɗu suka sayar da kwandalar a kan dala 3,172,500.

Masu wannan harka sun fi son ba da labarin a matsayin labarin sa'a. Ni abin da ya fi ja na shi ne shawarwarin da aka yanke a tsakani: wa aka tambaya, yaushe, da wane kayan aiki a hannunsa, kuma me ya sa ba a sake tambaya ba har tsawon shekara 40.

Kuɗin da bai kamata a ce akwai shi ba

Daga 1883 zuwa 1912 ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka tana buga senti biyar mai kan mace da aka yi wa laƙabi da Liberty, zanen Charles Barber. A farkon 1913 aka sauya zane zuwa mai hoton ɓauna. A littattafan ma'aikatar babu inda aka rubuta cewa an buga tsohon zanen da shekarar 1913, ko guda ɗaya. Amma a watan Disamba na 1919 wani Samuel Brown, wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar da ke Filadelfiya, ya sa talla a mujallar masu tara kuɗi cewa zai biya dala 500 ga duk wanda ya kawo masa irinta. A 1920 sai ga shi da ita a taron ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka a Shikago. Daga baya aka tabbatar guda biyar ne, kuma duk ta hannunsa suka fito. Yawancin masu bincike suna ganin tallar dabara ce kawai ta nema wa kayan asali, don kada a tambaye shi inda ya samo su.

Biyar ɗin suka yi ta tafiya tare har suka shiga hannun attajiri E.H.R. Green. Bayan mutuwarsa a 1936, Eric Newman da dillali B.G. Johnson suka saye su a farkon shekarun 1940, suka rarraba. Tun daga nan kowace ta samu suna daga wani da ya taɓa mallakarta: Eliasberg, Olsen, Norweb, McDermott, da Walton. Ta Norweb ta taɓa zama a tarin Sarki Faruk na Masar, yanzu tana gidan tarihi na Smithsonian. Shi McDermott a aljihu yake yawo da tasa, yana nuna wa mutane a wajen shaƙatawa, har sai da ta goge ta fi sauran huɗun tsufa a ido. Walton ya samu tasa a tsakiyar shekarun 1940, ta hanyar musaya da wasu sulalla na kimanin dala 3,750.

Akwai wani mutum da ba za a gane hukuncin New York ba sai an ambace shi. B. Max Mehl dillali ne a Fort Worth ta jihar Texas, gwanin talla. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya dabaibaye Amurka, ya cika jaridu da rediyo da alkawarin dala 50 ga duk wanda ya tsinci senti biyar ta 1913 mai tsohon zane a cikin canjinsa. Ya san babu wanda zai tsinta. Littafinsa na farashin kuɗi yake son sayarwa, kuma ya sayar. Abin da tallar ta haifar shi ne masana'antar jabu. Mai hannu da ƙaramin kurfi zai ɗauki ta 1910 ko 1912 ko 1903, ya kankare lamba ɗaya, ya tayar da wata. Kafin 1962 duk wani dillali a Amurka ya riga ya ga irin waɗannan bila adadin. Idan aka miƙo masa senti biyar ta 1913, kafin ma ya ɗauki madubin ƙara girma zuciyarsa ta riga ta ce jabu.

Don haka ban ga wauta a hukuncin ba. Kuskure ne, amma irin wanda ake tsammani daga wanda ya ga jabu sau ɗari bai ga na gaske a gabansa ba. Ana kuma cewa Walton kansa yana da wata ta jabu da yake nunawa a wajen taro don kare ta ainihin, abin da ya ƙara wa masu shakka ƙarfi. Sannan siffar lamba 3 a jikin na gasken ma tana da ɗan baƙon kama, wanda zai sa mai duba guda ɗaya tilo ya yi zaton an taɓa ta. Ba su da sauran huɗun a kan tebur, babu hotuna masu fito da ƙananan tabo irin na yau, kuma a lokacin babu wani kamfani da aikinsa kaɗai shi ne tantancewa. Dillali ne ke dubawa, shi ke saye, shi ke sayarwa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ya sa jabu a gwanjonsa sunansa ya ɓaci. Mai irin wannan tsoro in ya yi kokwanto, ƙi zai yi.

Ƙofofin da suka buɗe ba a shiga ba

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. A 1967 aka sayar da ta McDermott, wadda ta fi kowace gogewa, a kan dala 46,000. A 1972 ta Olsen ta zama kwandala ta farko da aka saya a kan dala 100,000. A wannan shekarar ce ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka ta buɗe sashen tantancewa mai suna ANACS, musamman saboda jabu ya yi yawa a kasuwa. A 1986 kamfanin tantance kuɗi na PCGS ya fara aiki, a 1987 takwaransa NGC ya biyo baya. A 1996 ta Eliasberg ta haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, 1,485,000, karo na farko da wata kwandala ta taka wannan matsayi. Duk wannan lokaci littattafan harkar suna rubuta abu guda: biyar ne, an san inda huɗu suke, ta biyar ta ɓace, kuma mutum na ƙarshe da aka sani da ita shi ne George Walton.

A duba wannan lissafi da kyau. Kwandalar da ke cikin ambulan ba daga canjin kanti ta fito ba. Daga motar mutumin da duniya ta san yana da ta gaske ta fito, kuma ta gasken ba ta sake bayyana a ko'ina ba. Kuɗin neman ra'ayi na biyu bai wuce kuɗin aika kaya da inshora da ɗan ladan masu dubawa ba. Abin da ke ɗaya ɓangaren ma'aunin kuwa ya tashi daga dubu goma-goma zuwa miliyan. A ganina, tun 1972 ya kamata a sake kai ta, in an yi jinkiri ƙwarai to 1996. Abin da ya hana ba rashin kuɗi ba ne, kalmar masana ce da aka ɗauka ta zama hatimi. Mutanen kirki ne da ba 'yan harkar ba, an gaya musu magana daga New York, suka yarda.

Sai dai a yi musu adalci ta wani gefen. Ba su jefar da ita ba, ba su ba yaro ya yi wasa da ita ba, ba su kashe ta a kanti ba, kuma ba su goge ta don ta yi ƙyalli ba. Sun kuma adana takardun Walton. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka sa akwai abin da za a duba a 2003.

Daren Baltimore

A 2003 ƙungiyar masu tara kuɗi ta shirya haɗa huɗun da aka sani wuri ɗaya a babban taronta na shekara a Baltimore. Domin jan hankali, kamfanin gwanjo na Bowers and Merena ya sanar da cewa zai biya aƙalla dala miliyan ɗaya ga mai ta biyar, da dala 10,000 don kawai a bari ya fara ganinta. Waya da wasiƙu suka yi ta kwarara daga mutanen da kowannensu ya rantse tasa ce, jikokin waɗanda suka saurari tallar Mehl. Magadan Walton su ma suka ji, suka ɗauko ambulan suka nufi Baltimore a ƙarshen watan Yuli.

Cikin dare, a wani ɗaki da aka tsare, masana shida suka zauna, cikinsu har da David Hall na PCGS da Jeff Garrett. Aka jera kwandaloli biyar a kan tebur ɗaya. Senti biyar ta wancan zamani giram 5 ce, kashi 75 cikin ɗari jan ƙarfe, 25 nikel, amma awo ba zai raba gardama a nan ba, domin ta jabun da aka sassaƙa daga ta 1912 ita ma nauyinta ke nan. Abin da ke raba gardama shi ne hatimin ƙarfen da aka buga kuɗin da shi. Kowane hatimi yana da nasa ƙananan aibobi, ɗan karce nan, ɗan tudu can, kuma yana sauke su a jikin duk abin da ya buga. Biyar ɗin da hatimi ɗaya aka buga su. Masanan suka yi ta juya su a ƙarƙashin fitila, suna ɗaga wannan suna ajiye waccan, har suka ga wani ɗan tabo a ƙasan lambar shekara wanda ke jikin huɗun, yana kuma jikin ta Walton. Mai sassaƙa lamba zai iya ƙirƙirar 3, amma ba zai iya ƙirƙirar tabon da bai san da shi ba. Gani ya kori ji. Kafin gari ya waye suka ce ta gaske ce, aka baje biyar ɗin tare a gaban jama'a.

Ba lallai ba ne a ce waɗannan shida sun fi na New York kaifin ido. Abin da suke da shi wanda waɗancan ba su da shi shi ne abin kwatantawa. Wannan ya sa ma ba zan iya rantsuwa cewa da an kai ta a 1972 za a gane ta nan take ba. Amma ko da an sake cewa jabu ce, da an yi asarar kuɗin mota ne kawai.

Sahihanci daban, daraja daban

Mutane kan haɗa tambayoyi biyu su mayar da su ɗaya. Ta farko: wannan abu na gaske ne? Ta biyu: in na gaske ne, yaya lafiyar jikinsa? A Baltimore ta farko aka amsa. Magadan ba su karɓi miliyan ɗayan ba. Suka ba da aron kwandalar ga gidan tarihin kuɗi na ƙungiyar a Colorado Springs, ta yi kusan shekara goma ana kallonta a can. Duk wannan lokaci ba su da wata buƙata ta gaggawa da amsar tambaya ta biyu, tunda ba sayarwa za su yi ba.

Tambaya ta biyu da lamba ake amsa ta. Ma'aunin da ake amfani da shi daga 1 zuwa 70 yake, William Sheldon ne ya fito da shi a 1949 domin tsofaffin senti na jan ƙarfe, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowane irin kuɗi. Lamba 1 ita ce wadda ta goge har da ƙyar ake gane ta. Daga 60 zuwa 70 su ne waɗanda ba su taɓa yawo a hannun mutane ba, ana rubuta musu MS a gaban lambar, ko PR idan bugu ne na musamman mai sheƙi. A kamfanonin, fiye da mutum ɗaya ke duba kowace kwandala, sannan a tsayar da lamba, a rufe ta cikin marufin roba mai tauri da aka liƙe, da takarda mai lambar shaida wadda kowa zai iya bincikawa a intanet. Abin da mai saye ke biya a gaskiya shi ne lamunin kamfanin: idan daga baya ta tabbata jabu ce, kamfanin ne zai biya. Shi ya sa mutum a Tokyo zai iya taya kwandalar da ke Dallas bai taɓa riƙe ta ba.

Ranar 25 ga Afrilu, 2013, shekara 100 cif da lambar da ke jikinta, kamfanin Heritage ya yi gwanjon ta Walton a kusa da Shikago, tana cikin marufin PCGS da lamba PR63. Waɗanda suka saya su ne Larry Lee da Jeff Garrett, ɗaya daga cikin shidan da suka duba ta a Baltimore. A 2022 kamfanin GreatCollections ya saye ta a kan dala miliyan 4.2. Ta Eliasberg, mai lamba 66, ta taɓa kaiwa miliyan 5 tun a 2007. Ko a tsakanin abubuwa biyar kacal a duniya, tazarar lamba uku tana da farashinta.

Wani zai ce ai kuskuren New York alheri ya zama, tunda da an sayar a 1963 da ba ta wuce 'yan dubun daloli ba. Lissafin ya yi daidai a takarda. Amma matar da ta ajiye ta shekara kusan 30 ba ta ci ko senti ɗaya a ciki ba, kuma duk tsawon lokacin kwandalar tana zaune babu inshora, a gidan da gobara ko ɓarawo ko sharar bayan rasuwa za su iya tafiya da ita ba wanda zai yi kuka.

Lokacin da tantancewa ke zama asara

Haɗarin irin wannan labari shi ne yana sa kowa ya ɗauka ambulan ɗinsa ma miliyan ke ciki. Kamfanonin nan ba kyauta suke aiki ba. Ana biyan lada ne a kan kowace kwandala, ga kuɗin zama mamba ko ladan dillalin da zai tura maka, ga kuɗin aikawa da dawowa da inshora, kuma ladan yana hawa idan darajar kayan ta hau. Ko sun ce jabu ce, ba a mayar maka da kuɗinka. Kwandalar da za a saya dala 15 in ka kashe mata dala 50, ka samu kwandalar dala 15 a cikin roba mai kyau.

Wuri biyu ne lissafin ke fita. Na farko shi ne inda aka san jabu ya yi yawa kuma na gasken yana da tsada. Senti ɗaya ta 1909 mai harafin S da haruffan VDB na sunan mai zanen, guda 484,000 kawai aka buga. Senti goma ta 1916 mai harafin D, 264,000. Dalar azurfa ta 1893 mai harafin S, 100,000. A duk ukun, ɗan ƙaramin harafin nan da ke nuna garin da aka buga kuɗin shi ne dukiyar, kuma 'yan damfara sun ƙware wajen yanko shi daga wata kwandala su manna. Mai hankali ba ya sayen irin waɗannan tsirara, don haka mai sayarwa ba shi da zaɓi. Na biyu shi ne inda lamba ɗaya ke ninka farashi, kamar tsakanin 64 da 65 ko 66 da 67 a wasu shekaru. A nan caca ce, kuma wanda ya kamata ya shiga shi ne wanda idonsa ya riga ya iya ƙiyasta lambar kafin ya tura. Sabon shiga kusan kullum yana ba kayansa lambar da ta fi wadda za su samu.

Akwai kuma tambaya ta uku da ba kasafai ake tunawa da ita ba, kuma wasu magada a Filadelfiya sun koye ta da tsada. A 1933 an buga zinariyar dala 20 guda 445,500, amma gwamnatin Roosevelt ta hana fitar da su, aka narkar da kusan duka. Kaɗan suka sulale ta hannun wani mai sayar da kayan ado, Israel Switt. A 2002 aka sayar da guda ɗaya da gwamnati ta halatta a kan dala miliyan 7.59. A 2003 iyalan Switt suka ce sun tarar da guda goma a akwatin ajiya na banki, a 2004 suka miƙa su ga ma'aikatar buga kuɗi domin ta tabbatar musu da sahihancinsu. Ma'aikatar ta tabbatar, ta kuma riƙe, ta ce dukiyar gwamnati ce da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba. Aka yi ta shari'a har 2017, lokacin da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, goman suka zauna a hannun gwamnati. Su ma kwandalolin 1913 asalinsu yana da duhu, amma gwamnati ba ta taɓa ƙwace su ba, sun shekara 80 ana cinikinsu a fili kafin daren Baltimore. Magadan Walton sun shiga ɗakin da ba mai da'awar kayansu a ciki.

Anini da liyari

A gidajenmu ma akwai irin wannan ambulan, sai dai gwangwani ne ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka. Abin da aka fi samu a ciki shi ne kuɗin Turawan mulkin mallaka na Afirka ta Yamma: anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sai taro da sisi da sule. Wanda ya fi tayar wa mutane da hankali shi ne mai sunan Sarki Edward na Takwas da shekarar 1936, domin an ji cewa bai cika shekara a kan sarauta ba ya sauka, kuma kuɗinsa na Ingila ba su fita kasuwa ba. Gaskiya ne, na Ingilan suna da tsadar gaske. Amma na Afirka ta Yamma miliyoyi aka buga aka kuma kashe su a kasuwanni, don haka wanda ya sha hannu ba ya biyan kuɗin aika shi London ko Paris, inda NGC da PCGS ke da ofisoshi, balle ladan dubawa. Waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu 'yan kaɗan ne: wanda bai taɓa yawo ba sam, ko irin waɗanda aka yi kuskuren haɗa sunan wani sarki da shekarar da ba tasa ba. Ƙananan haruffan H ko KN a jiki suna nuna masana'antar Birmingham da ta buga, kuma littafin farashi yana raba su ɗaya bayan ɗaya; duba shi ba ya cin ko kwabo.

Haka liyari, babbar azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta Austriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Borno har Habasha da Yaman, maƙera kuma suka narkar da ita suka yi zobba da awarwaro. Mai ita zai nuna maka 1780 a jiki ya ce ta haura shekara 240. Ita sarauniyar a 1780 ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, a Vienna, da London, da Paris, da Roma, da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa. Tambayar da ta dace da yawancinsu ita ce ko azurfa ce ko ba azurfa ba, kuma wannan sikeli ke amsa ta: giram 28 da ɗoriya kaɗan, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Maƙerin farin ƙarfe da ya san aikinsa zai gaya maka a tsaye. Idan kuwa wani abu ne daban da ake zaton tsoho ne ƙwarai, a tuna cewa a Najeriya fitar da kayan tarihi waje yana buƙatar izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, gara a tambaya kafin a kai wa masu aika kaya.

Abu ɗaya da hannunmu ke saurin yi shi ne wanki. A samu toka da lemun tsami ko tsamiya, a dirje tsohon kwabo har ya yi ja kamar sabuwar butar tagulla. A ido ya yi kyau. A ƙarƙashin madubin mai dubawa kuwa, fuskar ta cika da siraran layuka masu bin hanya ɗaya, ɗan sheƙin da hatimi ya bari ya tafi, kuma ba ya dawowa. Irin wannan kamfanonin za su iya tabbatar da cewa na gaske ne, amma ba za su ba shi lamba ba, sai su rubuta a takardar cewa an goge shi, kasuwa kuma ta zabge farashin, wani lokaci har rabi ko fiye. Ko a cikin zinariyar Switt guda goma, da NGC ta duba su a 2009, tara sun samu lamba daga 64 zuwa 66, ɗaya kuwa an rubuta mata cewa wani ya taɓa goge ta.